Ƙwayar Tazarar Haihuwa da Ƙurajen Fuska: Magani Ne, Amma Ba na Bisa Tire Ba

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, daga Tsarnawa zuwa Badagishiri da Illela, abu biyu ba su da wuyar gani: budurwar da ƙuraje suka addabi fuskarta, da mai tallar magani ɗauke da tire a ka ko kwali a bayan keke. A tsakaninsu akwai wata shawara da ke yawo a wayoyi da wajen kitso, wai ƙwayar tazarar haihuwa tana wanke fuska tas. Da ƙarya ce tsagwaronta da abin ya zo da sauƙi, sai a ƙaryata a wuce. To gaskiya ce, likitocin fata a ƙasashe da dama suna rubuta wa mata wannan ƙwaya don ƙuraje. Abin da shawarar take bari a baya shi ne sharaɗin da ke tafe da maganin: kafin mace ta haɗiyi ƙwaya ta farko, sai wanda ya san aiki ya auna mata hawan jini, ya yi mata ƴan tambayoyi. Amincin ƙwayar kacokan a kan wannan awo da waɗannan tambayoyi ya rataya, su ne kuma ba a samu a bisa tire.

Ba rashin wanka ke kawo ƙurajen balaga ba. A cikin fata akwai ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo ta ƙofofin gashi. Da balaga ta zo jiki yakan ƙara samar da sinadaran da ake kira androjin, waɗanda suka fi yawa ga namiji amma mace ma tana da nata kaso, su kuma sai su zuga jakunkunan nan su yi ta zubo maiƙo. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofa, ƙwayoyin cutar da ke zaune a wurin su samu abinci, sai ƙurji ya taso ya ɗuri ruwa. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, istirojin da furojestin, tana rage androjin ɗin da ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa, tana kuma sa hanta ta ƙara samar da wani sinadari mai kama ragowar ya hana shi aiki. Maiƙo ya ragu, toshewa ta ragu. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Ortho Tri-Cyclen a matsayin maganin ƙuraje tun 1997, sannan Estrostep a 2001 da Yaz a 2007. A 2012 kuma wani nazari na cibiyar Cochrane, wanda sunan likitan mata Arowojolu na Ibadan ke kan gaba cikin marubutansa, ya tattara gwaje-gwaje 31 da suka shafi mata fiye da 12,000, ya tabbatar da cewa ƙwayoyin nan suna rage yawan ƙuraje da tsananinsu.

Sai dai ba kowane abin tazarar haihuwa ba ne ke wannan aiki, kuma a nan ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata. A cibiyoyin lafiya na CSI an san Microgynon, mai sinadari biyu, an kuma san Microlut, mai furojestin kaɗai, wadda ake ba masu shayarwa. Ga wadda ba ta karanta kwali ba duk ƙwayar tazara ce. Alhali Microlut ba ta maganin ƙuraje, wata macen ma ƙara mata su take yi. Haka allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, da ƴar robar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse: duk ba su da istirojin, kuma ƙuraje na cikin abubuwan da wasu masu amfani da su ke kuka da shi.

Ƙananan illolin ƙwaya mai sinadari biyu sanannu ne, tashin zuciya, ciwon nono, ciwon kai, ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada, kuma galibi sukan lafa cikin wata biyu zuwa uku. Babbar illar da ta sa ake tambayoyi ita ce daskarewar jini a cikin jijiya. Istirojin yana ƙara wa jini saurin yin guda. Gudan yakan fara a jijiyar sha-raɓa, in ya ɓalle ya bi jini ya toshe huhu yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fitar da lissafi a 2013: cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwaya kuma ba su da ciki, kusan 2 ne ke samun wannan matsala a shekara. Ga masu shan irin mai sinadarin lebonojestirel, wato dangin Microgynon, adadin 5 zuwa 7 ne. Ga masu shan sababbin iri, irin su Yaz, 9 zuwa 12. Abin lura a nan shi ne, wasu daga cikin ƙwayoyin da aka fi tallatawa da sunan gyaran fata suna a sahun da haɗarinsa ya fi yawa. Labarin ƙwayar Diane-35 ta kamfanin Bayer ya isa misali. A Faransa an ba ta lasisi ne don ƙuraje kawai, amma aka yi ta rubuta ta a matsayin maganin hana ɗaukar ciki. A Janairun 2013 hukumar magunguna ta ƙasar ta bayyana cewa an danganta mutuwar mata huɗu da ita cikin shekara 25, ta kuma sanar da dakatar da sayar da ita.

Yanzu a haɗa wannan da lokacin da maganin ke ɗauka kafin ya yi aiki, a nan ne hujjar ta fi ƙarfi. Ƙwayar ba ta nuna tasiri a fuska sai ta yi wajen wata uku ana sha kullum ba fashi, cikakken amfaninta kuwa yakan kai wata shida. Haɗarin daskarewar jini shi kuma ya fi tsanani a shekarar farko, musamman watannin farko, yana kuma sake tashi duk lokacin da aka koma sha bayan an yi hutun wata guda ko fiye. Ke nan yarinyar da ta sayi kati ɗaya saura mako uku biki ko salla, ta sha, ta ajiye, ta sake ɗauka in wani bikin ya matso, ta zaɓi hanya mafi muni da za a iya bi: kullum tana cikin zangon haɗari, ba ta taɓa kaiwa zangon amfani ba. Ko wadda ta jure ta ga fuskarta ta washe, ta sani ƙurajen sukan dawo bayan an daina.

Tambayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ba su da yawa, amma a yankin nan kusan kowacce tana da wadda ta shafa. Mai jegon da ke shayarwa ba ta shan ƙwaya mai istirojin sam kafin mako shida, kuma ba a so ta sha har jariri ya cika wata shida. A Nijar, inda wani bincike na 2021 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa shida da ɗoriya, wannan ba ƙaramin kaso ba ne na rayuwar mace. Wadda awon jininta ya kai 160 bisa 100 ba ta sha, daga 140 bisa 90 ma an fi so a nema mata wani abu, ga shi hawan jini ba ya sallama, sai an ɗaura abin awo ake saninsa. Mai ciwon ɓarin kai da ke fara mata da walƙiya ko dishi-dishi a ido ba ta sha, domin yana ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Haka wadda jini ya taɓa daskare mata, da mai ciwon hanta mai tsanani, da mai kansar nono, da wadda ta kai shekara 35 tana shan taba. Maganin tarin fuka rifamfisin da wasu magungunan farfaɗiya kuwa karya ƙarfin ƙwayar suke yi. Wace daga cikin tambayoyin nan mai talla zai yi? Shi kansa kayan nasa abin tambaya ne: maganin da aka ce a ajiye a inuwa mai sanyi, ya wuni bisa tire a zafin Afrilu da Mayu da ke haura maki 40, a garin iyaka irin Ƙonni inda kaya ke shigowa ta hanyoyin da ba kowacce hukuma ke gani ba.

Wani zai ce, tunda haka ne a rufe babin mana, kada garin neman gira a rasa ido. Wannan magana tana da nauyi, amma lissafin bai goyi bayanta ba. Mace mai ciki haɗarinta na daskarewar jini, bisa alƙaluman hukumar Amurka, 5 zuwa 20 ne cikin 10,000 a shekara, na mai jego kuwa a makonni 12 na farko 40 zuwa 65, duk sun kai ko sun zarce na ƙwayar. Ita ma Diane-35 ba ta daɗe a dakace ba: Tarayyar Turai ta sake nazari ta ce amfaninta ya rinjayi illarta ga matan da suka dace, aka mayar da ita kasuwar Faransa a farkon 2014 da sharaɗin kada a ba da ita sai shafe-shafe da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun gaza. Turawa ba haramta maganin suka yi ba, ƙofar shigarsa suka ƙuntata. Tsoron da ya fi yawo a gidajenmu kuwa, wai ƙwayar tana ƙone mahaifa budurwa ta kasa haihuwa in ta yi aure, bincike bai same shi ba. Mafi yawan mata ƙwansu kan dawo aiki cikin ƴan makonni ko watanni kaɗan da dainawa. An ma gano tana rage haɗarin kansar cikin mahaifa da ta ma'ajiyar ƙwai, ko da yake tana ɗan ƙara na kansar nono a lokacin da ake shan ta. Muna tsoron abin da babu shi, muna sakaci da wanda ke akwai.

Akwai kuma abin da ƙwayar ba za ta iya ba ko an sha ta bisa ƙa'ida. Ƙuraje da yawa a fuskokin matan Afirka ta Yamma ba na balaga ba ne, na man bilicin ne. Mayukan da ke ɗauke da kulobetasol ko betametazon suna sa fata ta yi laushi ta yi haske na ɗan lokaci, daga baya su feso ƙuraje iri ɗaya reras a kumatu da ƙirji da baya. Ƙwayoyin ƙiba na sha-ka-fashe masu dekzametazon su ma haka. Wadda ke shafa wannan da dare ta haɗiyi ƙwayar tazara da safe ba ta taɓa tushen ciwon ba. Ban da haka, istirojin kansa yana iya jawo wani baƙin tabo mai faɗi a goshi da kumatu, irin wanda wasu masu ciki ke yi, rana kuma tana ƙara masa duhu, ga shi yana da wuyar gogewa a baƙar fata. Shi ya sa likita ba ya farawa da ƙwayar. Matakin farko man shafawa ne irin benzoyil feroksaid ko adafalen, in abin ya yi tsanani a ƙara dokzisaikilin na ƴan watanni, sai dai adafalen da dokzisaikilin ba na mai ciki ba ne. Inda ƙwayar ta fi dacewa shi ne macen da ƙurajenta ke taruwa a haɓa da muƙamuƙi, suna tashi in al'ada ta matso, ko wadda al'adarta ke rikicewa gashi na fito mata a gemu, ko wadda dama tana son tazarar haihuwa.

Ƙorafin da ya fi kowanne wuyar amsawa shi ne na tarbiyya: ina budurwa ina ƙwayar hana haihuwa, ai buɗe mata ƙofa ne. Damuwar iyaye a nan ba abin rainawa ba ce. Amma a duba abin da kunyar ke haifarwa a aikace. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a cibiyoyin lafiyarta, wato kuɗi ba shi ne babban shinge ba. Shingen shi ne idon jama'a. Budurwar da ke tsoron a gan ta a layin ungozoma ba fasa sha take yi ba, wurin mai talla take aikawa, ta sha a ɓoye, ranar da ƙafarta ta kumbura kuma ta ɓoye wa kowa dalili, har da likita. Uwar da ta kama hannun ƴarta ta kai ta CSI ta ce ga ƙuraje a duba mana, ta fi kare mutuncinta da lafiyarta a kan wadda ta yi tsawa ta juya baya. Ba kuma sai an jira ƙwararren likitan fata daga Yamai ba. Abin awon jini da tambayoyin nan aikin ma'aikacin jinya (majo) ne da ungozoma, ana kuma iya yin su a asibitocin gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, da asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Nauyin da ke kan ma'aikatan lafiya shi ne su karɓi yarinyar da ta zo da wannan tambaya ba da harara ba, domin wadda aka kunyata sau ɗaya ba ta dawowa.

Ke kuma da kika riga kika fara sha ba tare da an duba ki ba, ki je a auna miki jini a makon nan, ki tafi da katin ƙwayar a hannu don a ga ko wace iri ce. In kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke miki farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, ko kai ya sara irin wanda ba ki saba ba, ko gani ya dushe, ko ɓarin jiki ya yi sanyi, kada ki ƙara haɗiyar ko ɗaya. A kai ki asibiti a ranar, kuma ki faɗa wa likita abin da kike sha tun kafin ya tambaya.