Wutar da ke ƙera ƙarfe a cikin ruwa

Duk wadda ta taɓa kai 'yan kunnenta wajen mai wankin zinari a Maraɗi ta ga kimiyya da idonta. Ana ɗaura su a waya, a tsoma cikin ruwan da aka narkar da gishirin zinari, a saki wuta. Nan da nan zinarin ya bar ruwan ya lulluɓe tagullar 'yan kunnen. Luigi Brugnatelli na Italiya ya fara wannan a 1805, a 1840 kuma gidan Elkington na Birmingham ya mai da shi sana'a.

Masana sun ci gaba da rage ma'auni har suka kai nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. A 1994 Manfred Reetz da Wolfgang Helbig na Jamus suka nuna cewa ƙarfin wutar ke yanke girman ƙwayar ƙarfen faladiyom. In wutar ta yi yawa, ƙwayoyi barjat ke tsirowa lokaci guda, babu wadda ke samun abin girma, sai su fito mitsi-mitsi. Ƙanƙantar ce ribar, domin ƙarfe kaɗan kan ba da fuska mai faɗi inda sinadarai ke haɗuwa.

Wutar tana kuma ɗinke sinadaran da ke da kabon. Hermann Kolbe ya gwada haka tun kafin 1850, a 1965 kuma kamfanin Monsanto ya soma haɗa adiponitril, tushen zaren nailan, ta wannan hanya. Lantarki ya maye gurbin wasu sinadarai masu guba.

Ina ruwanmu? Mutanen Tibiri ba su manta ruwan da fuloraid ya yi wa yawa ba, wanda ya lanƙwasa ƙasusuwan yara ya ɓata haƙoransu. Faranti biyu na alminiyom da 'yar wuta kan cafke fuloraid ya kwanta a ƙasan ruwa. A lambunan Jiratawa kuma, na'urar gwaji mai ƙwayoyin zinari na iya gano ragowar maganin ƙwari a jikin zogale kafin a kai kasuwa.

Sai dai a yi hattara: ruwan wankin zinari sau da yawa yana ɗauke da sayanayid, kwata ba wurin zubar da shi ba ce. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da ɗalibai, ranar da za ta ba da wutar kuma ba ta yi mana rowa ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa ɗalibin kimiyya da maƙerin fari a ɗakin gwaji ɗaya.