LABARIN WATA CIYAWA DA CIWON DAJI NA FATA

Akwai wata 'yar ciyawa da ke tsirowa a lambunan Turai da Ostireliya, wadda masana ke kira Euphorbia peplus. In an karya ta sai ta fid da farin ruwa mai kama da nono, mai ƙuna. Danginsu ɗaya da tinya da aguwa, waɗanda kowa ya sani a ƙasar nan. Muna so mu ba masu karatu labarinta, don akwai abin lura a ciki.

Tun kaka da kakanni mutanen Turai ke ɗiga ruwan nan a kan ƙuraje. A Ostireliya kuwa, inda zafin rana ke jawo wa fararen fata ciwon daji ƙwarai, sai tsofaffi suka riƙa shafa shi a kan tabon da rana ta yi musu. Masana ba su rena wannan al'ada ba. A 2011 likitoci suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 36 masu ciwon daji na fata, inda aka shafa ruwan sau ɗaya kullum har kwana 3, yawancin miyakun kuwa suka ɓace. An kuma gano sinadarin da ke aikin, watau ingenol mebutate. Yakan kashe ƙwayoyin naman da suka lalace, sa'an nan ya jawo fararen ƙwayoyin jini su ƙarasa saura.

A 2012 hukumomin magunguna na Amurka da na Turai suka yarda a sayar da shi da sunan Picato, don maganin kaushin fata da kan zo kafin ciwon daji. To, amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Aka bi waɗanda suka shafa shi har shekara 3. Cikin mutum 240, sai 15 suka kamu da ciwon daji a daidai wurin da aka shafa. Cikin 244 da aka ba wani magani dabam kuwa, 5 kaɗai suka kamu. Saboda haka a 2020 aka janye shi daga kasuwannin Turai.

Ba muna cewa a yi watsi da sanin iyaye ba ne, domin su suka nuna wa masana hanya. Abin da muke nufi shi ne, ɓacewar miki a ido ba ita ce warkewa ba, don saiwar ciwon tana iya zama a ƙarƙashin fata tana ci. Idan maganin da aka tace, aka auna, ya bayyana aibinsa bayan shekaru, ina ga ɗanyen ruwan tinya da ba wanda ya san ƙarfinsa, wanda ko ido ya taɓa yakan yi ɓarna?

A wajenmu zabiya su ne rana ta fi cuta, sai kuma masu tsohon gyambo ko tabon ƙuna. Muna roƙon malaman makaranta su sa ido a kan almajiransu zabiya, su zaunar da su a inuwa, su sa su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu. Malaman ofis kuma, da ke cuɗanya da jama'a kullum, su faɗa wa mutane cewa duk mikin da ya yi wata guda bai warke ba, ko ya riƙa fid da jini, a kai mai shi asibiti tun likita na iya yanke shi.