Ƙirga Zaki da Kura ta Hanyar Kira

A ƙasar Bici, inda gona ta gamu da gona har ba sauran saura, zaki ya daɗe da komawa cikin kirari da tatsuniya, kura kuwa yaro ya fi ganinta da takunkumi a hannun gardawa. Amma maharban da sun bar mana wata hikima, watau ba a bin dabba, yaudararta a kan yi, kamar yadda maharbi kan ɗaura kan burtu ya sunkuya har nama ya sake da shi. Masu ƙirga manyan dawa a yau wannan hanya suka bi.

Ga yadda a kan yi. A kan ɗauki kukan ɗan ɓauna da ya shiga wuya, a haɗa da hayaniyar kuraye bisa mushe. In dare ya yi, sai a tsai da mota cikin daji, a saki kukan ta lasifika, a yi ta juya bakinta. Duk abin da ya zo ɗin a haske shi da fitila, a rubuta. Sa'an nan a yi gaba da nisa, don kada a ƙirga dabba guda sau biyu.

Wuyar aikin ita ce, wanda ya amsa kira shi ake gani. Zakanya mai 'ya'ya ta kan noƙe, ƙoshasshen zaki kuwa ba ya tashi domin kukan maraƙi. Saboda haka lalle ne a fara auna kiran bisa dabbobin da aka san inda suke. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu, binciken Mills da abokansa na 2001 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na kuraye ke zuwa, daga nisan da bai wuce kilomita 3.2 ba. Da irin wannan ma'auni ake cike gurbin waɗanda suka ƙi fitowa.

Amma fa ma'aunin Kruger ba lalle ya dace da mu ba. Zakin da ya sha guba da harbi a hannun mutane, ƙarar mota ma korarsa take yi, balle fitila. Rahoton Henschel na 2014 ya sami zakuna a wurare huɗu kaɗai cikin Afirka ta Yamma, kimanin 400 duka duka, biyu daga wuraren kuwa su ne Yankari da Kainji. Inda suka ƙaranta haka, shirun dare ba shaida ba ne, sai an haɗa da bin sawu da binciken kashinsu.