ƘAFAFUN DA KE HANA BARCI

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, akwai wani ciwo wanda ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kawo kumburi, amma yana cinye ƙarfin mutum sannu a hankali, don yana hana shi barci. Likitoci suna ce masa ciwon rashin natsuwar ƙafafu. Karanta wannan bayani da kyau, kuma ka karanta wa wanda bai iya karatu ba tukuna.

YADDA ZA KA GANE SHI

Alamunsa huɗu ne:

1. Kana jin wani abu can cikin ƙwaurinka, kamar tafiyar kiyashi, ko ja, ko tsikari, har ya zama dole ka motsa ƙafar.
2. Yana zuwa sa'ad da ka zauna ko ka kwanta. Lokacin da kake noma ba ka jin shi.
3. In ka tashi ka taka, ko ka miƙe ƙafar, sai ya lafa. Da ka koma shimfiɗa sai ya dawo.
4. Ya fi tsanani daga magariba zuwa tsakar dare. Da safe ya kan yi sauƙi.

Sau da yawa mai ciwon yana shure-shure cikin barci bai sani ba, sai wanda suke kwana tare ya gaya masa.

Kada ka haɗa shi da ɗaurewar jijiya, wadda ke sa naman ƙwauri ya yi tauri da zafi na ɗan lokaci. Kada ka haɗa shi da minjirya, wadda ke kama ƙafa in an zauna bisa kanta. Zafin tafin ƙafa na masu ciwon suga shi ma daban ne, don tafiya ba ta kwantar da shi.

Wannan ciwo ba sammu ba ne, ba taka sawun iska ba ne, kuma ba a ɗaukar shi daga wani. An daɗe da sanin shi. Wani likita na Ingila, Thomas Willis, ya yi bayaninsa a 1672. A 1945 wani likita na ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya ba shi sunan da ake kiran shi da shi har yau.

ME KE KAWO SHI?

Babban dalili shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ake cewa "fer" a gidan likita. Da shi jiki ke yin jini, kuma ƙwaƙwalwa tana bukatar shi don ta mallaki motsin gaɓoɓi. In ya yi kaɗan a ƙwaƙwalwa, sai ƙafafu su ƙi kwanciya. Mutum yana iya rasa shi tun jininsa bai yi ƙasa ba.

A ƙasarmu hanyoyin da ƙarfe ke fita daga jiki suna da yawa. Akwai tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ke kama masu aiki cikin ruwa, kamar masu noman shinkafa a Saga da Libore da Kollo, da masunta na bakin kogin Kwara. Akwai tsutsar ciki mai shan jini, wadda ke shiga ta ƙafar da ba takalmi. Akwai jinin al'ada mai yawa, da haihuwa kusa da kusa.

Mata sun fi maza kamuwa, wajen ninki biyu. Cikin mata masu ciki 5, wajen 1 tana jin shi, musamman a watanni 3 na ƙarshe. Mafi yawa suna rabuwa da shi makonni kaɗan bayan haihuwa.

Ciwon ƙoda mai tsanani yana kawo shi. Akwai kuma na gado. In uwarka ko ubanka sun yi fama da shi, naka yana iya farawa tun kana saurayi, ya riƙa tafiya yana dawowa shekara da shekaru.

ABUBUWAN DA KE TA DA SHI

Shayi mai kauri, da kofi, da goro, in an sha su da maraice. Taba da giya. Mai zaman fada wanda ke shan shayi na ɗaya da na biyu da na uku bayan isha'i yana cutar kansa sau biyu: shayin yana hana barci, kuma in an sha shi bisa abinci yana hana hanji tsotse ƙarfen da ke ciki.

Wasu magunguna ma suna ta da shi: na mura da ƙaiƙayi masu sa barci, kamar Phénergan, na tsai da amai, kamar Primpéran, da wasu na ciwon damuwa. Mai ciwon ya kan sayi ƙwayar mura wurin ɗan tebur don ya samu barci, sai ƙafafu su ƙara haukacewa.

Sai tramol. Wanda ya saba shan shi don ƙarfin aiki, ranar da ya rasa, ƙafafunsa ba su barin shi ya runtsa, sai ya koma ya sha. Tarko ke nan. Mai son rabuwa da shi ya nemi likita ya rage masa da kaɗan-kaɗan.

ABIN DA ZA KA YI A GIDA

1. Daga la'asar ka bar shayi da kofi da goro. Yi haka mako 2 ko 3 ka ga bambanci.
2. Ka sa lokaci ɗaya na kwanciya da na tashi.
3. Kafin ka kwanta, ka ɗan taka cikin gida, ka miƙe ƙwauri, ka murza shi da hannu. Wasu ruwan ɗumi ke yi musu, wasu ruwan randa. Gwada ka ga naka.
4. In ya taso cikin dare, kada ka yi ta juyi. Tashi ka taka, ka kama wani ɗan aikin hannu, kamar tufkar igiya ko ɓarar gyaɗa, har ya lafa.
5. Ke uwargida, ki ƙara abinci mai ƙarfe cikin tukunya: hanta, nama, kifi, fara, wake, zogale, rama da yakuwa. Ki matsa lemun tsami, ko ki sa tumatir ɗanye, don suna taimakon hanji ya tsotse ƙarfen ganye.
6. Kada a yi tsaga, kada a sa ƙaho. Ciwon ba mataccen jini ba ne. Jinin da aka fitar, ƙarfe ne aka zubar.

LOKACIN ZUWA LIKITA

In ciwon yana hana ka barci dare 2 ko fiye cikin mako, ko kana jin jiri da haki, ko fitsarinka da jini, ko ƙafafu da fuska suna kumbura, tafi gidan likita mafi kusa. Faɗi alamun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, kuma ka tafi da duk magungunan da kake sha.

Akwai awon jini da ake kira feritin, mai nuna ƙarfen da jiki ya ajiye. Ga mai wannan ciwo, in awon bai wuce 75 ba, ana ba shi maganin ƙarfe. In ba a yin awon kusa da ku, ana iya tura ka Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Masu ciwon ƙoda ana duba su a asibitin Lamorde.

Ƙwayar ƙarfe ba ta aiki dare ɗaya. Ana shan ta wajen wata 3, sa'an nan a sake awo. Kada ka sha ta tare da shayi ko nono. Bar awa 2 tsakani. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Ɓoye ta nesa da yara, don tana iya kashe yaron da ya haɗiye da yawa. Mai amosanin jini, wato sikila, kada ya sha sai an auna shi. Mai tsargiya ko tsutsa sai ya sha maganinsu, in ba haka ba kamar zuba ruwa ne cikin tulu mai huji. Ke mai ciki, ki je awon ciki, ki shanye ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki, kada ki ƙara wani magani da kanki.

In ƙarfe ya cika amma ciwon bai bari ba, likita yana da magani kamar gabapentine ko prégabaline. Suna sa jiri da barci, don haka mai tuƙa babur ya yi hattara. A da an fi ba da pramipexole da ropinirole. Amma an gano in an daɗe ana shan su ciwon yana iya ƙaruwa, ya fara tun da rana, ya hau har hannuwa. Shi ya sa a 2024 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce kada a fara da su. In kana shan ɗayansu ka ga haka, kada ka ƙara ƙwaya, kada kuma ka bari gaba ɗaya. Koma wurin likita.

Na gado ba ya warkewa ƙaf, amma ana iya danne shi har mutum ya yi barcinsa ya tashi da ƙarfin riƙe hauya. Ku mutanen gida, ku yi haƙuri da mai yawon dare, ba da gangan yake yi ba. In ana awo, a yi shi tun da rani, don wata 3 na magani su cika kafin ruwan shuka ya sauka.