Jarrabawa Ta Ƙarato: Yadda Za A Yi Muraja'ar Othello Cikin Kwana Uku

 

A 'yan kwanakin nan muna ganin samarinmu masu shirin WASSCE suna zama a barandar masallaci bayan isha'i, kowa da littafin Othello a hannu, ido ya yi ja. Wani ya ce mana: “Malam, saura kwana uku, kuma wallahi Turancin nan na Shakespeare ba ya shiga.” To, ga abin da muka ga zai taimaka.

Da farko a san inda za a tambaye shi. Hukumar WAEC ta sa wannan wasa cikin littattafan 2016 zuwa 2020, kuma a waɗancan shekarun yana fitowa ne a takarda ta ɗaya, mai tambayoyi 50 na zaɓi cikin awa guda. A lokacin, guda 20 daga ciki a kan Othello suke. Sukan yanko 'yan layuka su ce: wa ke magana, da wa yake yi, a ina, me ya faru kafin nan? Ke nan wanda ya kashe darensa yana haddace dogon sharhi ya yi aikin baban giwa. Abin nema shi ne jerin labarin da muryar kowane mutum.

Ranar farko a riƙe jerin. An rubuta wasan wajen 1603, kashi biyar ne. Kashi na ɗaya kaɗai ke Benis, birnin da Larabawa ke kira Bunduƙiyya. Sauran huɗun duk a tsibirin Ƙubrus. Wannan kawai ya isa amsa tambayar “a ina”. Othello baƙar fata ne, kwamandan sojan Benis, ya auri Desdemona ba da sanin ubanta Brabantio ba. Iago, mai riƙe masa tuta, ya ƙullace shi don ya ɗaga Cassio sama da shi. An tura su Ƙubrus yaƙi da Turkawa, amma guguwa ta tarwatsa jiragen Turkawan tun a teku. A kashi na biyu Iago ya sa Cassio ya sha giya, faɗa ya kaure, aka ji wa Montano rauni, Othello ya tuɓe Cassio.

Rana ta biyu a ba kashi na uku, fitowa ta uku. Nan ne cibiyar wasan, kuma ita ce fitowa mafi tsawo. A lura, Iago bai fara da zargi kai tsaye ba. Sai ya jefa rabin magana ya yi shiru, ya maimaita abin da Othello ya faɗa, har shi Othello ya roƙe shi ya ƙarasa. Ita kuwa Desdemona, duk lokacin da ta roƙa wa Cassio afuwa da zuciya ɗaya, sai zargin ya ƙara kama ta. Sannan a bi sawun hankicin nan hannu-hannu, don masu tambaya suna son sa: ya faɗi daga Desdemona, Emilia matar Iago ta tsinta ta ba mijinta, shi ya ajiye a ɗakin Cassio, Cassio ya ba Bianca ta kwaikwayi aikin jikinsa, Othello ya hango shi a hannunsu ya ɗauka hujja ce. A rubuta sunayen nan a takarda a maimaita har su zauna.

Rana ta uku a duba ƙarshe, musamman wa ya kashe wa, don nan yara ke ruɗewa. Iago ne ya kashe Roderigo, shi kuma ya sari Cassio a ƙafa, amma Cassio bai mutu ba. Othello ya shaƙe Desdemona a gado. Emilia ta tona asirin hankicin, Iago ya soke ta. Othello ya kashe kansa. Iago bai mutu a wasan ba, an kama shi, aka bar Cassio da mulkin Ƙubrus.

Hanyar kuwa irin tamu ce ta tilawa. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya buɗe shafi ya karanto layi, ɗayan ya faɗi mai magana da wurin. Da baki, ba da ido kawai ba. Wanda ya fi ƙarfi a Larabci, akwai fassarar Halil Mutran mai suna Uɗail. Za ta buɗe masa labarin, amma sunaye da lafazi a riƙe na Turancin.

Abin da ya halaka Othello mun san shi a littattafanmu: karɓar labarin annamimi ba tare da bincike ba, da mummunan zato, waɗanda Suratul Hujurat ta yi gargaɗi a kansu. Ɗalibin da ya gane haka ya gane wasan.

Iyaye, daren jarrabawa a karɓe littafin da ƙarfe goma. Yaron da ya kwana shan ataya, gobe layin Iago da na Cassio duk ɗaya zai gan su. Ya yi barci, ya sallaci asuba, ya sake duba takardar sunayen, ya karya kumallo ya tafi.

Allah ya ba su sa'a, ya sa ilimin ya amfane su. Wassalamu alaikum.