Mawaƙi a Kan Hanya: Tsakanin Neman Abinci da Faɗar Gaskiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Kusan kowane gida a ƙasar Hausa ya taɓa jin muryar Alhaji Mamman Shata ko ta Ɗanmaraya Jos, ko a rediyo, ko a kaset ɗin motar haya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka yi tunani a kan yadda irin waɗannan mutane ke rayuwa, da kuma jarrabawar da ke cikin sana'arsu.

Mawaƙin Hausa matafiyi ne. Da zarar an yi kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, sai bukukuwan aure da naɗin sarauta su kankama, shi kuwa ya ɗaure kaya. Yakan tafi da makaɗa, da 'yan amshi, da sanƙira mai yi masa shela. Kafin a soma wasa, sanƙira ya riga ya binciko sunayen manyan gari da na iyayensu da kakanninsu, domin da su za a gina waƙa. Dukan wannan ayari, da iyalan da suka baro a gida har tsawon watanni, suna ci ne daga abin da aka ba maigidansu: kuɗi, ko riga, ko doki, wani lokaci mota ko kujerar Makka.

A nan matsalar take. Wanda ya ba da kyauta yabo yake jira, ko ya cancanta ko bai cancanta ba. Wanda ya hana kuwa, zambo na jiransa. Mawaƙin da ke da bakuna ashirin a wuyansa, yaya zai dubi attajiri azzalumi ya ƙi kiransa adali? Ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙan da ke faɗar abin da ba su aikatawa, sannan ya keɓe waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito ma ya yi kashedi mai tsanani ga masu wuce iyaka wajen yabo. Amma kuma Manzon Allah (SAW) ya ƙarfafa wa Hassanu ɗan Sabitu gwiwa a kan waƙoƙinsa. Batun kayan kiɗa malamai sun yi saɓani a kansa, mun bar musu. Batun ƙarya a cikin magana kuwa babu saɓani.

Shata, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999, ya shahara da shirya waƙa nan take a gaban jama'a, kalangu na tashi, 'yan amshi na karɓa. Ya waƙe sarakuna da attajirai da direbobi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Baiwarsa ba ta da abokin gardama, ko da yake akwai waƙoƙinsa da malamai ba su yi na'am da su ba.

Ɗanmaraya, wato Adamu Wayya na Bukur kusa da Jos, ya bi wata hanya dabam. Ya tashi maraya, ya riƙi kuntigi, 'yar ƙaramar molo mai tsirkiya ɗaya, ba shi da 'yan amshi. Wanda kayan aikinsa ke shiga aljihun riga, nauyin da ke kansa kaɗan ne, saboda haka bakinsa ya fi sakewa. Waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, yaron da ke kwana a tasha, yana sa waigi, yana shan faɗan direba, ba shi da abin da zai ba mawaƙi. Ya yi waƙa a kan auren dole, da gulma, da zaman mai akwai da mai babu. A cikin waƙoƙin aure yakan sauya murya, ya yi maganar miji, ya yi ta mata, ya yi ta 'yar tsegumi, har mai sauraro ya gane gidansa a ciki. Ya rasu a 2015, amma har yau iyaye na kafa hujja da shi wajen yi wa 'ya'ya nasiha.

Wannan hanya tana da tushe a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙin wa'azi, jajojinta suka haddace su, suka riƙa kai wa matan ƙauyuka. Su ma matafiya ne da waƙa, ladarsu kawai suke nema wurin Allah.

Mu masu sauraro muna da kaso a cikin alhakin. Mu ne ke liƙa kuɗi idan an kambama mu, mu ɗaure fuska idan an faɗa mana gaskiya. Yau da samarinmu ke shiga situdiyo suna sakin waƙa ta wayar salula, abin da muke saka wa kuɗi shi za su riƙa rerawa. Duk magidancin da zai gayyaci mawaƙi bikin 'yarsa, ya dace ya gaya masa tun farko cewa ba ya son a zagi kowa, ba ya kuma son a ba shi darajar da ba tasa ba, sannan ya sallame shi da kyautatawa.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya jiƙan magabatanmu, amin.