Sunayen Lokutan Yini a Hausa da Fasahar Ɗaukar Hoto: Misali Daga Ngurore

1.0 Gabatarwa

Kalmar "hoto" ararriya ce daga Ingilishi, amma tushenta Girkanci ne, inda take nufin haske. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda sunayen da Bahaushe ya ba lokutan yini suka dace da bayanin kimiyyar haske, da kuma amfaninsu ga mai ɗaukar hoto.

2.0 Haske da Lokaci

Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya bayyana a Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya. Idan ya ratsa ƙaramar kafa zuwa ɗaki mai duhu, sura takan fito a juye. A kan wannan ƙa'ida aka gina kyamara.

Kasuwar shanu ta Ngurore, kan hanyar Yola zuwa Numan, ta isa misali. Da rana tsaka haske daga bisa yake saukowa, inuwar malfa ta rufe fuskar makiyayi, farin sa kuma ya ɗauke ido. Da hantsi kuwa a karkace yake zuwa, sai tozo da ƙaho su fito sarai. Da la'asar sakaliya yakan yi doguwar tafiya cikin iska, shuɗinsa ya watse, jan ya rage. Hazon hunturu shi ma yakan warwatsa haske, ya rage kaifin inuwa.

3.0 Kammalawa

Ke nan kowane suna yana ɗauke da irin haskensa. Ya kamata masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin kimiyya su fara da irin waɗannan kafin su koma ga aro.